Mararrabar da Waya Ba Ta Sani Ba

Akwai wani layi a cikin fom da ke ba ɗan ƙauye wahala fiye da jarrabawar lissafi. Duk wanda ya taɓa buɗe asusun banki, ko ya cike takardar SIWES, ko ya yi rajistar NIN, ya san shi: lambar gida, sunan titi, sai mararraba ko tashar mota mafi kusa. Ɗan GRA kafin ka ƙifta ido ya rubuta nasa ya wuce. Mu 'yan Tsiga da Kakumi da Guga da Kabomo kuwa sai mu ɗaga biro muna kallon silin. Ƙarshenta abin da muke rubutawa bai wuce biyu ba, ko "kusa da masallacin Juma'a" ko "bayan firamare". Na taɓa ganin fom ɗin mutum huɗu 'yan garinmu, kowannensu a bayan firamare yake, alhali daga gidan na farko zuwa na ƙarshe sai ka hau mashin.

Ni safiyo nake karantawa, saboda haka wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na'urar nuna hanya ta farko da na taɓa latsawa a motar kawuna take. Motar 'yar Kwatano ce, ta zo da ɗan allo a gaban direba, da ka tayar da ita sai wata mata ta kama magana da Jamusanci. Taswirar da ke ciki ta Turai ce, don haka kibiyar da ke nuna motar sai ta tsaya a tsakiyar fili fetal, ba titi ba gari. Kawu yakan ce, "Wannan baiwar Allah ai ta fi ni ɓata." Amma yadda take tambaya shi ne abin lura, domin galibin irin waɗannan na'urori haka aka tsara su. Za ta tambaye ka ƙasa, sai gari, sai titi, sai lambar gida. In mararraba kake nema, ka ba ta sunan titi na farko, ta jero maka duk titunan da suka gitta shi, ka zaɓi na biyu. Wato a wurinta mararraba aure ne tsakanin sunaye biyu. In ɗaya ba shi da suna, ba a ɗaura ba.

A nan cikin Katsina abin yana ɗan tafiya. Rubuta IBB Way ko Nagogo Road ko Yahaya Madaki Way a wayarka, za su fito. Amma ko a nan ɗin, tare mai Keke Napep ka ce ya kai ka mahaɗar titi kaza da titi kaza, ka ga irin kallon da zai yi maka. Shi Ƙofar Ƙaura ya sani, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Guga, da Ƙofar Soro. Ka ce masa Poly, ya san titin Dutsin-ma zai miƙa. Bahaushe da wuri yake kwatance, kuma da gabas da yamma, wataƙila don sau biyar a rana yana neman alƙibla. "Ka yi kudu har ka wuce rijiya, gida na uku mai kallon gabas." Ita kuma waya ta ce ka yi hagu bayan mita ɗari biyu. Wa ya taɓa auna mita ɗari biyu a kan mashin?

Abin da 'yan uwa da yawa ba su rarrabe ba shi ne, abu biyu ne ke aiki a cikin wayar, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na farko shi ne GPS ɗin kansa. Sojojin Amurka suka ƙirƙire shi. An harba tauraron ɗan'adam na farko na tsarin a 1978, ya kammalu a 1995 da taurari 24, kowanne yana shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, yana zagaye duniya sau biyu a rana. Kowane tauraro magana ɗaya yake ta nanatawa: ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa a agogona. Wayarka saurare kawai take yi. Sai ta auna lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, ta lissafa nisa, kuma da zarar ta ji daga taurari huɗu ta san inda take tsaye. Wannan ba ya buƙatar data, ba ya buƙatar sabis. Kafin watan Mayun 2000 da gangan ake dagula siginar da farar hula ke samu, kuskuren ya kan kai mita 100, har gwamnatin Bill Clinton ta ɗage wannan takunkumi. Yanzu a buɗaɗɗen fili kuskuren waya bai cika wuce mita biyar ba, ga shi Turai da Rasha da Sin duk sun harba nasu taurarin, wayoyin yanzu suna sauraron su gaba ɗaya.

A tsakiyar gonar babana, inda ko sandar sabis ɗaya babu, wayata tana faɗa mini lambobin inda nake daidai. Sararin sama bai manta da Tsiga ba.

Abu na biyu shi ne taswira, ita kuma aikin hannun mutum ce. Wani ne ya zauna ya zana layi, ya ce wannan titi ne, ya rubuta masa suna. Inda ba wanda ya zauna ya yi, babu. Da na buɗe garinmu a waya karon farko, na ga 'yan layuka farare sun ratsa juna kamar zanen yara a ƙasa, an kwafo su daga hoton sama. Na gane su duka. Ga hanyar da muke bi zuwa makarantar allo, ga wadda ake fita da gawa, ga wadda ke sauka fadama. Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya, babu mai suna.

Inda aka rubuta sunan ma, wata sabuwar rigima ce. Ƙanƙara a waya Kankara ce, ba ƙugiya, kuma in yatsanka ya yi gaggawa sai ka tsinci kanka a Kankia. Unguwa kuwa ta sha rubutu iri-iri: Unguwar, Unguwan, Ungwan, Angwan, wani ma Ung. kawai ya sa ya ɗiga aya. Sunayen da suka fara da 'Yan, wani ya haɗe, wani ya raba, wani ya jefar da waƙafin. Sannan ga maimaici. Tudun Wada nawa ne a ƙasar Hausa? Akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Gusau, akwai ƙaramar hukuma guda a jihar Kano. Sabon Gari kam ba a magana. Kalmar mararraba ita kanta, rubuta ta ka gani: kana nufin Marabar Ƙanƙara, waya ta kama hanyar kai ka Mararaba ta bakin Abuja, ko Mararrabar Jos ta wajen Kaduna. In ba ka duba yawan kilomitocin da ta rubuta a ƙasa ba, sai ka ƙone mai a banza.

Duk wannan abin dariya ne a hostel. A gida na ga inda ya daina zama na dariya.

Da kaka ne, ana cikin ɗaukar masara. Kawu ya yi ciniki da wani dillali na Dawanau, aka turo babbar mota ta ɗebi buhunan da aka tara a wani ƙauye da ke ƙarƙashin garinmu. Direban matashi ne, bai taɓa zuwa yankin ba, kuma irin waɗanda suka yarda da waya ne ɗari bisa ɗari. Taswirar ta duba, ta ga layi biyu sun nufi ƙauyen, ta zaɓa masa mafi gajarta. A wurinta layi layi ne. Ba ta san cewa gajeriyar ta ratsa rafi ba tare da gada ba, ba ta san yashin rafin yana riƙe ruwa a ƙarƙashi har bayan damina ta ɗauke ba. Yaron da ke kiwon awaki a wurin ya san wannan, amma ba wanda ya tambaye shi.

La'asar sakaliya wayar Kawu ta yi ƙara. Ina zaune kusa da shi a kan buhu.

"Direba, kana ina? Tun azahar muke jira."

"Alhaji, na iso wani rafi na ga ba zan iya ba, na juyo da baya, yanzu ga ni a wata mararraba."

"Wace mararraba?"

"Wallahi waya ba ta rubuta suna ba."

"To me kake gani?"

"Dawa, Alhaji. Ko ta ina dawa."

Ba wanda ya yi dariya. Duk wanda ya fito daga Bakori ko Ƙanƙara ko Faskari ya san abin da baƙuwar mota ke nufi a hanyar daji in rana ta yi ja. Hatsarin ta fuska biyu ne: ko mutanen daji su riga ka ganinta, ko 'yan sintirin ƙauye su ɗauka kayan mutanen dajin ta kawo. Na karɓi wayar na ce wa direban ya danna ɗigon da ke nuna shi ya riƙe, lambobi za su fito, ya karanto mini. Data ba ta aiki a inda yake, amma kira yana shiga. Ya fara karantowa, muryarsa na rawa, ina shigarwa a taswirar da na sauke tun a makaranta. Ana cikin haka Kawu ya miƙo baki ya ce, "Tambaye shi, rana tana ta wane hannunsa? Kuma akwai kuka mai rassa biyu a gabansa?" Direba ya ce rana tana damansa, kuma ga kukar nan. Kafin in gama shigar da lamba ta ƙarshe Kawu ya riga ya kira wani mutuminsa a ƙauyen da ke kusa yana cewa motar tamu ce, a taimaka a tura yaro da mashin ya jawo ta. Da ɗigon ya fito a wayata, a daidai wurin da Kawu ya faɗa ya sauka.

Motar ta kwana a cikin gari, da safe aka yi lodi. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne, ilimin Kawu ya fi na waya sauri, amma a cikin kan Kawu kaɗai yake. Ranar da ba ya kusa fa?

An taɓa fuskantar irin wannan matsala a babban mataki. Masu rigakafin shan inna sun daɗe suna aiki da taswirar da ake zanawa da hannu, kuma akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su taɓa shiga takardar ba, don haka yaransu ba su ga ɗigon magani ba. Daga wajajen 2012 aka koma zana taswirar garuruwa da ƙauyukan jihohin Arewa, har da Kano da Katsina, daga hoton tauraron ɗan'adam, ana tura mutane su je su tambayo sunan kowane wuri, ana kuma ba masu rigakafin wayoyi masu GPS don a ga inda ƙafarsu ta taka da inda ba ta taka ba. A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ba taswira kaɗai ta yi aikin ba, amma ba ka yi wa yaron da ba ka san da ƙauyensu ba rigakafi.

Da aka yi hutun ƙarshen zango sai na ɗauki wayata da abin cajin tafi-da-gidanka, na ari mashin ɗin Yaya, na fara bin hanyoyin garinmu ina naɗar sawu. Akwai wata taswira da ake kira OpenStreetMap, wani ɗan Ingila mai suna Steve Coast ya fara ta a 2004, kowa yana iya buɗe asusu kyauta ya zana titi ya sa suna, kuma manhajoji da ƙungiyoyin agaji da yawa daga cikinta suke ɗiba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba suna kaɗai ake sa wa ba. Kana iya nuna cewa wannan kwalta ce, wannan burji ce, wannan mashin kaɗai ke bi, nan gada ce, nan kuma ta cikin ruwa ake ratsawa. Rafin da ya mayar da direban nan baya shi na fara sa wa alama. Wasu daga cikin hanyoyin burjin, dattawa suka ce tun zamanin shirin bunƙasa noma na Funtua ne, wanda Bankin Duniya ya tallafa daga 1975. Shekara hamsin ana bin hanya, ba ta da suna a takarda.

Ba a yin irin wannan yawo a ƙauye ba tare da an gaida manya ba, musamman yanzu. Na je wurin mai unguwa, na cire takalmi, na durƙusa, na yi bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, wannan abin da kake zanawa, wa zai gan shi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk mai waya."

"Har da mutanen daji?"

Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ba wanda zai ce tsoron banza ne. A watan Fabrairun 2025 'yan bindiga suka shigo Tsiga da dare suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar NYSC, tare da wasu mutanen gari, sai da ya yi kusan wata biyu a hannunsu. A makon ne ma 'yan ajinmu da yawa suka fara neman sunan garinmu a waya, wasu suna tambayata wai ashe da gaske akwai gari mai wannan suna, su sun ɗauka sunan mutum ne kawai.

Abin da na faɗa wa mai unguwa, kuma har yau a kansa nake, shi ne wanda ke zuwa da sharri ba ya tambayar waya. Ya san burtali da labi fiye da ni, kuma ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari. Hoton sama da ke nuna kowane rufin kwano kuwa tuni yana nan ga kowa, ba ni na sa shi ba. Wanda ke ɓata shi ne baƙo mai zuwa da alheri: direban masara, motar taki, sabon malamin asibiti, jami'in tsaron da aka turo daga wata jiha wanda ko Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Ya yi shiru, sannan ya kafa sharaɗi, kuma na ga sharaɗin ya fi bayanina hankali. Hanya, gada, makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci, duk a sa. Gidan mutum da sunansa, ko inda ake ajiye hatsi, ko inda 'yan sintiri ke zama, kada in kuskura. Na ce na ji na bi.

Ga wanda ke son ya ba baƙo kwatancen gida ba tare da ya manna shi ga duniya ba, akwai hanya mai sauƙi. Google yana da abin da ake kira Plus Code, wanda ya fito da shi a 2014. An yanka duniya gaba ɗaya gida-gida, kowane ɗan fili mai kusan mita 14 a tsaye da kwance yana da lambarsa ta haruffa da alƙaluma, ko a birni ko a tsakiyar dawa. Danna ɗigon da ke nuna ka a ƙofar gida, kwafi lambar, ka tura wa wanda ka yarda da shi ta saƙon tes. Kuma don Allah, kafin ku tafi hutu ku sauke taswirar yankinku tun kuna inda sabis ke da ƙarfi. Ba ta cin wuri sosai, kuma ranar da za ta yi amfani ba ta sallama.

'Yan uwa na sashen safiyo da tsara birane da kimiyyar kwamfuta, ga abin yin furojet a ƙofar gidanku. Ƙananan hukumomi 34 ne a jihar nan, kuma da wuya a rasa ɗan kowacce a makarantar nan. Abin da nake tsoro shi ne mu yi jinkiri har wani ya zo daga ofis da alluna a bayan mota, a wayi gari hanyar fadamarmu ta koma sunan wani mai muƙami da bai taɓa taka ta ba. Allon zai tsaya, mutane su ci gaba da kiran abin da suka saba, baƙo ya rubuta sunan allo ya tambayi ɗan gari, ɗan gari ya ce bai taɓa ji ba.

Sai dai ko da ɗan gari ne ke rubutawa, sa suna ba shi da sauƙin da na zata zai yi wa kowa daɗi. Akwai wata mararraba a bakin garinmu da ta fi kowacce cika. Na tambayi dattawan da ke zama a dakalin masallaci, suka kira ta da sunan wata tsamiya da iska ta kayar tun kafin a haife ni. Ko kututturen babu. Na tambayi 'yan acaɓa, suka ce su ba su san wata tsamiya ba, kwanar mai faci ce, suka faɗi sunansa. Na dawo gida na tambayi Inna, ta ce, "Wajen mai suna kake nufi?" Ashe sunan mai facin ɗaya da na Yaya, ɗanta na fari, kuma bakinta bai taɓa furta shi ba. Duk matan da ke sa'anninta in ta ce wajen mai suna sun gane, har aike suke yi da shi.

A shafin da ake shigar da bayani akwai gurbin suna, akwai kuma gurbin wani sunan da ake kira. Na sa tsamiya a na farko don ita ta riga kowa, kuma sharaɗin mai unguwa bai bar ni in rubuta sunan mutum ba, sai na sa kwanar mai faci kawai a na biyu. Na Inna ba shi da gurbi. Da na nuna mata allon wayar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko matar nan ta motar Kawu yanzu za ta iya faɗin sunan. Na ce sai in an canza mata taswira. Ta ce to a bar ta, baƙuwa ce.

Da na koma gida da Babbar Sallah na tarar mai facin ya kwashe kayansa ya koma bakin kasuwa, wani mai sayar da fetur a kwalba ya gaje wurin. 'Yan acaɓa har yanzu da sunan mai facin suke kiran kwanar.